Ranar da Maliki Ya Shiga Daman Tirela

Akwai wani ɗan kabu-kabu da aka yi a Sabon Birni mai suna Maliki, wanda abokan sana'arsa suka laƙaba wa Allura. Sunan ba na banza ba ne. Duk inda motoci biyu suka bar 'yar rata, Maliki zai cusa kan mashin ɗinsa ya ɓulla ta gaba yana dariya, fasinja a baya yana salati.

Asalinsa ba ɗan gari ba ne. A Kurawa aka haife shi, cikin shanu ya tashi, da sanda a kafaɗa. Sai aka yi fari shekara biyu a jere. Ruwa ya riƙa ɗaukewa daidai lokacin da gero ya ɗauki ciki. Fadama ta tsage, rijiyoyi suka ja baya, shanu suka dinga kwanciya ba sa tashi. A kan idon Maliki garken gidansu ya ƙare, har ya daina fiɗa, ya bar wa ungulu.

Yana da yaya mace, Adda Habi, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu, tana zaune a Gangara da 'ya'ya mata uku, da hannunta take noma gonar marayun. Saniya ɗaya ta rage mata, wadda ta raya da dusar da ta hana cikinta. Ita ta kaɗa kasuwa ta sayar, ta danƙa wa Maliki abin da aka ba ta.

Ta ce, "Tahi ka sai mashin. Wagga saniya in ta kai watan gobe mutuwa za ta yi, shi ko ƙarhe ba ya neman ciyawa. Kyauta na ba ka, ko godiya ba ni so."

Maliki ya koyi tuƙi cikin mako biyu, kuma gaskiya hannunsa ya faɗa. Amma ya shigo titi da ɗabi'ar daji. Makiyayi idan zai ratsa garke ba ya zagayawa. Yakan yi 'yar tsawa, ya dafa ƙugun wannan, ya ture waccan, su dare masa hanya, domin saniya tana gani ta gefe kuma ta san mai ita. Haka Maliki ya ɗauki motoci. A wurinsa hon shi ne tsawa, kuma duk wanda ya ji dole ya kauce.

Ranar da ya sayi mashin ɗin, tun kafin ya zuba mai ya kwance madubai biyun ya jefa a buhu, wai suna ƙara masa faɗi. Ƙa'idarsa guda ce, kuma yana faɗinta da alfahari: idan kan mashin ya wuce, komai ya wuce.

Shugaban tasharsu wani dattijo ne, Baba Sammani, mutumin garin Isa. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana jan tirela, yana kai shanu da albasa Kudu, har bayansa ya gaza ya dawo kan mashin. Nasa mashin tsoho ne, madubinsa ɗaya ma da roba aka ɗaure shi, amma kullum sai ya goge su kafin ya tayar. Samarin tashar suna kiransa Baba A-Hankali idan ya ba da baya.

A shekarar, saboda kowa na rabuwa da dabbobinsa kafin su mutu, tireloli suka yi wa garin yawa. Ranar kasuwa sai ka ga sun jeru tun daga hanyar Isa har bakin kara, inda ake lodin shanu. Wata safiya Baba Sammani ya roƙi wani direba ya ara masa motarsa da ke tsaye. Ya sa aka jera mashin huɗu a gefenta na dama, ya ce kowane ɗan kabu-kabu ya hau kujerar direba ya dubi madubi, ya faɗi guda nawa ya gani.

Suka dinga hawa suna saukowa jiki a sanyaye. Wani ya ga ɗaya. Wasu ba su ga ko ɗaya ba.

Baba Sammani ya ce, "To kun gani. In ba ka hangi huskar direba cikin madubinai ba, shi ma bai gan ka ba. Kuma in kunka ga babbar mota ta karkata hagu ta buɗe muku dama kusa da kwana, ba hanya ta ba ku ba. Wuri taka nema ta juya, tayun baya na nan tahe su ruhe wurin. Ku tsaya bayanta, inda shika ganin ku, har ta gama."

Ya juya ya ga Maliki a kan mashin yana ɓare gyaɗa. "Ɗana, kai ba ka hawa?"

Maliki ya ce, "Baba, ni ba direba za ni zama ba. Na ratsa bijimai ɗari masu ƙaho ba wanda yat taɓa ni, sai wagga mai tahiya awa kunkuru?"

"Bijimi na da ido ga gehe. Wagga ba ta da shi."

"Tana da kunne dai. In na danna hon za ta ji."

Samarin suka kwashe da dariya. Baba Sammani ya je ya janye mashinan ya yi wa direban godiya. Irin wannan dariyar ita ke lalata matasa, domin daga ranar Maliki ya ƙara ganin kansa gwani.

Da bazara ta yi nisa, yunwa ta kai inda mutane suka ci irin shukarsu. Adda Habi ma ta daure har ta gaji, ta sauke tukunyar irin ta daka wa yaranta. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga gona a share, babu ko ƙwaya ɗaya da za a jefa a rami. Sai aka yi shela cewa wata ƙungiyar agaji za ta raba wa matan da mazansu suka rasu irin gero a Sabon Birni ranar kasuwa. Aka ce dole mace ta zo da kanta ta dangwala yatsa, kuma da azahar za a rufe.

Wannan iri shi ne abincin gidan Adda na shekara mai zuwa. Idan ya wuce ta, daminar ta wuce ta.

Maliki ya yi alkawarin zuwa da sassafe. Amma ranar kasuwa ce, fasinja ko'ina, ya ce bari ya yi sawu ɗaya, ɗaya ya zama huɗu. Sai da rana ta take ya iso Gangara. Ya tarar da Adda a ƙofar gida da buhunta a naɗe, tare da maƙwabciyarta Hajjo, wadda ita ma sunanta na cikin takarda. Baba Sammani ya sauke wani fasinja a garin, shi ya ɗauki Hajjo.

Adda ta ce, "Maliki, tun hantsi nike tsaye."

"Adda, hau dai. In Baba ya kai da azahar, mu mun daɗe da isa."

Ta hau irin hawan da manyan mata ke yi, a kaikaice, ƙafafunta biyu a gefen hagu don kada salansa ta ƙone ta. Ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, buhu a ɗayan.

Sun yi gudu a hanya, ba laifi. Amma suna isowa bakin gari suka tarar da cunkoso irin wanda ba a saba gani ba. Tireloli, motocin hatsi, amalanken shanu, masu jan awaki, kowa ya cushe. Zafi kamar a gasa mutum. Daga cikin motocin da aka riga aka loda kana jin kukan shanu, ramammu, ƙasusuwansu a waje.

Maliki ya fara aikin da ya saba. Ya bi tsakanin wannan da waccan, hon bai huta ba. Sau biyu gwiwar Adda tana gogar jikin mota.

Ta ce, "Ƙanena, yi sannu. Ƙahwahuna na waje."

"Ba komi, Adda. Kai ya wuce."

Da kan mashin yake awo, da gwiwoyinsa. Ya manta cewa yau faɗinsa ya ƙaru da ƙafafun mutum biyu a hagu, kuma ba shi da madubin da zai nuna masa su.

Baba Sammani ma yana ratsawa, amma da tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba, yatsunsa a kan birki, kuma sai inda motoci suka tsaya cak. Da haka ya cim musu, domin Maliki ya maƙale a bayan wata doguwar tirela marar kaya, daf da kwanar da ke shiga kara ta hannun dama. Baba ya tsaya a bayanta ta ɓangaren direba, inda yake hango fuskar mutumin a madubi.

Can sai aka ji ladan yana gwada lasifika. Adda ta ce, "Wayyo, azahar ta yi." Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma Maliki ya ji, kuma ya san laifin wa ne.

Daidai nan tirelar ta motsa. Ta karkata kanta hagu, sai ga rata ta buɗe a damanta, tsakaninta da kwalbatin siminti, fili fetal har ana hango gaba. Fitilar siginarta ta dama tana ƙiftawa, ƙura ta rufe rabinta.

Baba Sammani ya ɗaga murya. "Maliki, kak ka shiga! Juyawa za ta yi!"

Maliki ya ji shi sarai. Ya waiga ma, ya yi masa murmushi. Sannan ya danna hon ya murɗa mai.

Ya kai tsakiyar motar lokacin da kanta ya karyo dama. Gaba ya rufe. Ya taka birki, ya duba baya, jikin tirelar na matsowa a hankali kamar ana rufe ƙofa. Babu gaba, babu baya, a dama kuma siminti. Ya danna hon har yatsansa ya yi zafi, amma ƙarar injin da hayaniyar kasuwa sun shanye shi. Ƙarfen gefen motar ya taɓa gwiwar Adda, mashin ya tangaɗa.

Jikin makiyayi ne, ya saba kauce wa ƙaho. Kafin ya yi tunani ya riga ya daka tsalle ya haye kwalbatin. Adda Habi kuwa tana zaune a kaikaice, zani ya naɗe mata ƙafa, buhu a hannu. Ita da mashin suka faɗi tare, tayoyin baya suka iso.

Sai da mutane suka yi ta dukan ƙofar motar da ihu sannan direban ya tsaya. Sunansa Kalilu, magidanci mai furfura a gemu. Ya sauko ya zagayo, da ya ga abin da ke ƙarƙashin motarsa sai ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Yana ta maimaitawa, "Na sa sigina. Wallahi na duba madubi, ban ga kowa ba. Ban ga kowa ba."

Babu wanda ya taɓa shi, domin rabin kasuwa sun ga yadda aka yi. Maliki na tsaye a kan kwalbati, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Wannan lafiyar tasa ita ta fi komai yi masa ciwo daga baya.

Baba Sammani ne ya cire rawaninsa ya ɗaure cinyar Adda, ya tsayar da motar da ta ɗauke ta. Daga asibitin garin aka wuce da ita Sakkwato. Ƙafar dama ta karye, an ɗora ta. Ta hagu kuwa likita ya ce babu abin da za a ɗora, aka yanke daga gwiwa.

Aka miƙo wa Maliki yankakkiyar ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, aka ce ya je ya binne kamar yadda addini ya tanada. Ya karɓa da hannu biyu. Ƙafar da ta yi yawo da shi a goye ke nan, ita ta taka har kasuwa ta sayar da saniya don ya samu abin yi. Shi ya haƙa ramin a gefen maƙabarta, shi ya rufe, shi kaɗai.

Abin da ya ƙara masa ɗaci ya same shi ne da ya dawo. Ashe motar da ta ɗauko irin ita ma a cikin cunkoson nan ta maƙale, ba a fara rabo ba sai bayan la'asar. Hajjo, wadda ta ƙarasa da ƙafa, ta samu nata har ta zauna jira a inuwa. Da ta gaya wa masu rabon abin da ya faru, suka ba ta kason Adda Habi ba tare da wani dangwale ba. Da Maliki ya tsaya minti biyu a bayan tirelar nan, da Adda ta karɓi irinta da hannunta ta koma gida da ƙafafunta.

Tirelar ta yi kwanaki a ajiye kafin a gama bincike a sake ta. Ranar da za a sake ta, Baba Sammani ya je gidan da Maliki ke kwana ya ce ya taso. Bai yi masa faɗa ba, tun ranar hatsarin ma bai ɗaga maganar ba. Ya kai shi gaban motar, ya nemi izinin Kalilu.

Ya ce, "Hau."

Wannan karon Maliki bai yi musu ba. Ya hau ya zauna a kujerar direba. Baba Sammani ya tura mashin ɗinsa ya tsaya a dama, daidai inda Maliki ya tsaya ranar, ya kunna fitila, ya danna hon.

"Mi kaka gani?"

Maliki ya dubi madubin. Ya ga dogon jikin mota, ya ga wata bishiya can baya, ya ga sama. Ya leƙa, ya karkata, ya miƙe tsaye. Dattijo guda da mashin da fitila a kunne, babu alamarsu. Hon ɗin ma da ƙyar yake jin sa, alhali injin a kashe yake.

Ya ce, "Ba ni ganin komi, Baba."

"To haka shi ma bai ga Habi ba."

Maliki ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a maƙabarta. Kalilu da ke tsaye a ƙasa ya juya baya yana share ido.

Ruwan shuka ya sauka kwana tara bayan an dawo da Adda Gangara. Ruwa ne mai kyau, irin wanda aka shekara biyu ana roƙo. Da gari ya waye ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, kowa ya fito da sungumi. Adda ta farka ta ji ƙamshin, ta manta, ta yunƙura za ta miƙe kamar kullum. Maliki na tsakar gida ya ji faɗuwarta.

Ya shiga da gudu zai ɗaga ta. Ta ce, "Bari. Ɗauko iri, ka kai ni gona."

A amalanken jaki aka kai ta, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin wata aduwa. Wanda ya san shukar gero ya san aikin mutum biyu ne. Ɗaya na gaba yana sara da sungumi, ɗaya na biye yana jefa iri yana rufe ramin da diddige. A duk Gangara an san babu mai saurin Adda Habi a wannan aiki, ba ta ko sunkuyawa, kuma raminta ba ya tonuwa.

Maliki ya sare layi ɗaya ya dawo ya tsaya a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita.

Ya ce, "Adda, ki zage ni. Ki ce wani abu. Na ji Baba sarai, da gangan na shiga."

Ta ɗago ta dube shi. Ta rame, idanunta sun faɗa.

Ta ce, "Na sani. Ina bayanka, na ga sadda ka waiga ka yi mai dariya. Na yahe maka don Allah, amma kak ka ce in manta, ba ni iyawa."

Ta kwance bakin buhun, ta cika ƙwarya da iri, ta miƙa masa.

"Riƙa. Ka taka mani da taka ƙahwa. Tawa tana Sakkwato, kai ka san inda ka aje ta."

Haka ya shuka gonar, shi ne mai sara, shi ne mai rufewa, 'ya'yanta na taya shi ta ɗaya gefen. Geron ya yi kyau a shekarar, an ci an ƙoshi. Amma Adda Habi ba ta sake taka gonarta ba sai da sanda, kuma ba ta sake hawa mashin ba har ta bar duniya.

Maliki ya koma kabu-kabu, domin yanzu bakuna huɗu na jiransa. Ya tono madubansa daga buhu ya mayar. Idan ya ga tirela ta buɗe dama, yakan sauke ƙafa ya tsaya, na baya su yi ta danna masa hon. Sababbin samarin tashar, waɗanda ba su san labarin ba, har tsokanarsa suke yi, wai wannan ne aka ce Allura? Shi dai yakan ci gaba da aikinsa. Sai dai duk ranar kasuwa yakan roƙi wani direba aron motarsa, ya jera mashina a dama, ya ce su hau su duba. Kuma kusan kullum sai an samu guda ɗaya da ya ƙi hawa yana dariya.

Darasi: Ɗan'uwa mai mashin, idan ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba, kuma hon ɗinka ba ido ba ne. Kada ka shiga gefen babbar mota kusa da kwana, ratar da ta buɗe ta juyawarta ce. A cikin cunkoso ka ratsa a hankali, ka bar madubanka a jiki, ka tuna faɗinka ya haɗa da ƙafafun wanda ka goya, domin sau da yawa mai gangancin yakan tsira, wanda ya amince masa ne ke ɗaukar raunin. Ku tura wa duk ɗan kabu-kabu da direban da kuka sani, wataƙila yau wani ya tsaya minti biyu saboda Adda Habi.